Barista da Keken Maman Tagwaye

Duk layin nan babu wanda bai san Barista ba, ko da yake ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa leƙawa ba. Gyaran fanka yake yi a wata 'yar rumfa tsakanin shagon aski da famfon unguwa, gyaran ma irin wanda in ka kai masa fanka mai juyi a hankali, za ka karɓo ta tana juyi da baya. Sunan ya samo shi ne daga wata huɗu da ya taɓa yi yana aiki a kotu, shekaru da dama da suka wuce. Wane aiki? Oho. In an matsa masa sai ya lumshe ido ya ce, "Ni fa a lokacin, alƙali ba ya shiga ɗakin shari'a sai na riga shi shiga."

Gidansa kuwa ba fanka ke riƙe da shi ba, keken ɗinkin matarsa ne. Maman Tagwaye ta shekara goma sha biyar tana taka wannan keke, shi ke sa tukunya a wuta, shi ke sa yara a makaranta. To, wata uku da suka wuce wani ɓarawo ya yi wa layin shara: ya ɗauke keken, ya haɗa da injin wutar Mai Aski, da dutsen gugar Mai Wanki, da rediyon wata tsohuwa da kowa ke ce wa Gwaggo. Tun ranar baiwar Allah take ɗinkin hannu har yatsunta suka yi kanta, masu kawo mata ɗinki kuma suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga labari mai daɗi. An kama ɓarawon, an yanke masa hukunci, an samu kayan. Kotu ta aiko da takarda: ranar Alhamis kowa ya zo ya karɓi nasa. Kafin a nuna maka kaya, sai ka faɗi alamu uku da ke jikinsu. In sun yi daidai, ka sa hannu ka ɗauka. Abin da ba a karɓa ba zuwa ƙarfe huɗu na ranar, gwanjo za a kai shi. Matsala ɗaya ce: da sunan Barista aka shigar da ƙarar keken, don ranar satar shi ya riga kowa zuwa wurin 'yan sanda yana kururuwar "kekena, kekena!"

Ranar Laraba da hantsi ya tara masu kaya a bencin ƙofar shagon aski, ya ɗora ƙafa ɗaya kan tsohuwar fanka.

"Ku buɗe kunnuwanku," in ji shi, "don ilimin nan ba a kasuwa ake sayar da shi ba. Doka ta ce a maido wa mutum kayansa yadda suke ranar da aka sace. To, wa ya san yadda suke a ranar?"

"Mai su," in ji Mai Aski.

"Madalla da kai! Sai ka ce naka sabo ne fil. A ɗaga tamfol ɗin da aka rufe kayan a ga tsoho. Wa ya tsufar da shi?"

Suka dubi juna.

"Ɓarawo mana! Sai a ba ka tsohon, a kuma tilasta masa ya sayo maka sabo. Ka shiga da ɗaya, ka fito da biyu."

Mai Wanki ya sosa ƙeya. "Barista, ɓarawon nan fa an ce ko takalmi ba shi da shi. Da me zai sayo?"

"Wannan kuma matsalar hukuma ce, ba taka ba. Kai dai ka ce na lantarki ne, mai fesa tururi."

"Na gawayi ne fa."

"Daga yau na lantarki ne!"

Gwaggo, wadda tun ɗazu take tsifar bakin gyalenta, ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ni dai rediyona tsoho ne, kuma tsohon nake so. Sabo ina ya san tashoshina?"

"Gwaggo, za ki yi asara."

"In yi, ɗan nan. Ba yau na fara ba."

Ta tafi abinta. Sauran biyun kuwa kwaɗayi ya riga ya shige su, har azahar suna nan Barista yana ba su hadda. Kafin a watse ya ari wata baƙar kwat a wurin Mai Wanki, ta wani mai kawo wanki ce da ba zai zo karɓa ba sai Asabar.

Da safen Alhamis yana gaban madubi yana gyara kafaɗar kwat, Maman Tagwaye ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta.

"Baban Tagwaye, maimaita mini alamun nan."

"Haba! Ni za a yi wa bita?"

"Faɗa dai in ji."

Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa. "Hannun durowa ya karye, an sa cokali. Igiyar keke an ɗinke ta da shuɗin zare wuri biyu. Teburin yana da ƙunar fitila a gefen dama."

"To. Su kaɗai za ka faɗa, kada ka sa musu ko gishiri. In keken nan ya tafi gwanjo, ban san abin da za mu ci ba, kai ma ka sani."

"Ke dai ki zauna a baya ki yi kallo. Yau za ki san wa kike aure."

"Abin da nake tsoro ke nan," ta ce.

Ɗakin shari'ar cike yake, don ba layinsu kaɗai ɓarawon ya ziyarta ba. An jibge kayan a gefe an lulluɓe da tamfol, wani jibgegen Sajan yana tsaye a kai. Ɓarawon na kan benci da ankwa, wani siririn mutum mai fuskar wanda aka tasa daga barci. A sama Mai Shari'a ce zaune, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, a ƙasanta kuma magatakarda da ƙaton littafi.

Barista ya shigo yana ɗaga wa jama'a hannu. Magatakarda ya ɗago kai, ya ƙura masa ido, sai fuskarsa ta washe.

"A'a! Mai shara! Kai ne? Kwana da yawa! Tun da ka zuba ruwa a kan fayilolin shari'a ba mu sake ganinka ba."

Mai Aski da Mai Wanki suka juyo a tare.

"Wasa ne na ma'aikata," Barista ya raɗa musu. "Mai share matsaloli yake nufi."

Aka kira Mai Wanki. Ya miƙe, ya saci kallon malaminsa, ya zuba hadda tiryan-tiryan: dutsen guga na lantarki, fari sol, mai fesa tururi. Sajan ya zura hannu ƙarƙashin tamfol ya ɗago wani baƙin dutsen gawayi mai ɗan zakara a ka, toka na zuba daga cikinsa.

"Nawa ne!" Mai Wanki ya yi tsalle.

"Ba shi ka kwatanta ba," in ji Mai Shari'a. "A ajiye a gefe."

"Ranki ya daɗe..."

"Zauna."

Barista ya dafa shi. "Haka ake farawa. Ja maka rai take yi."

Mai Aski ya fito jikinsa a sanyaye, amma da Barista ya zare masa ido sai ya ce injinsa ƙato ne, da makulli ake tayar da shi, ko sauro ya fi shi ƙara. Sajan ya jawo wani ɗan mitsitsin inji da aka ɗaure igiyar jansa da igiyar takalmi. Shi ma aka ajiye a gefe.

Sai Gwaggo. Ko tsayuwa sosai ba ta yi ba.

"'Yar nan," ta ce wa Mai Shari'a, "eriyarsa waya ce ta rataye kaya. Murfin batir ya ɓata, na toshe da kwali. In kika girgiza shi za ki ji wani abu yana ƙara a ciki, ni ma ban san mene ne ba."

Sajan ya girgiza rediyon. Ƙwal-ƙwal-ƙwal. Gwaggo ta dangwala yatsa a littafi, ta rungume kayanta, ta dawo ta zauna. Minti biyu ba a yi ba.

Mai Aski ya juyo a hankali. "Barista?"

"Ta fito da ɗaya," in ji Barista. "Ku tausaya mata."

Da aka kira shi aka rantsar da shi, sai ya tsaya ya ɓalle maɓallin kwat, ya sake ɓallawa, ya yi gyaran murya har sau uku. Can baya ya hango Maman Tagwaye ta ɗaga masa yatsu uku. Ya kau da kai. Akwai wani keke da ya taɓa gani a cibiyar koyon ɗinki da ke saman bene a bakin titi, ranar da aka kira shi gyaran fanka, kuma tun ranar keken bai fita daga ransa ba. Shi ya ɗauko ya shimfiɗa wa kotu.

"Ranki ya daɗe, kekena na lantarki ne, ruwan madara. Yana da 'yar fitila a goshi da allo mai nuna lambobi. Yana yin ado kala arba'in. A gefen hagu an manna masa hoton wani jan tsuntsu, ƙarƙashin tsuntsun kuma akwai ɗan karce kamar na farce."

Magatakarda na rubutawa, Sajan kuwa ya daina motsi.

"Ɗaga tamfol," in ji Mai Shari'a.

Sai ga keken Maman Tagwaye, baƙi, tsoho, da cokalinsa a jikin durowa. Daga baya aka ji ta ja numfashi.

Barista ya dafe ƙirji ya ja da baya. "Wayyo! Jama'a ku zo ku ga ta'asa! Dubi yadda azzalumin nan ya mayar mini da keke! Ina lantarkin? Ina tsuntsun? Ranki ya daɗe, a bisa doka ina neman tsohon nan, da kuma sabo!"

Ɓarawon ya miƙe zumbur.

"A'a, wallahi ban yarda ba! Ranki ya daɗe, na yi sata, na amsa laifina, amma kada a yi mini sharri. Yadda na ɗauko shi haka yake. Ni ma cutata aka yi. Ƙafarsa ta faɗo mini a yatsa, har yau farcen bai fito ba."

"Rufe mana baki, ɓarawo!"

"Na ji, ni ɓarawo ne. Kai kuma fa? Mutum ya ajiye irin wannan a gida, har da sa masa kwaɗo biyu, ka ɗauka wani abin kirki ne a ciki!"

"Tsohon hannu ne, ba ka san darajarsa ba!"

"Yanzu fa ka ce na lantarki ne."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Mai Shari'a ta buga tebur. Sajan ya matsa kusa da ita, ya zaro wata takarda daga aljihu, ya yi mata magana a hankali. Ta karanta, ta sauke tabarau, ta dubi Barista tun daga hula har takalmi.

"Malam, sake faɗin tsuntsun nan."

Barista ya ji daɗi, ya juya ya kashe wa Mai Aski ido. "Ja ne, ranki ya daɗe. A gefen hagu."

"Da karce a ƙarƙashinsa."

"Kamar kina wurin!"

"Sati shida da suka wuce an sace keke mai wannan kama a cibiyar koyon ɗinki, kuma har yau ba a gan shi ba. Maganar karcen nan, daga mai cibiyar sai 'yan sanda suka san ta. Kai a ina ka san shi?"

"Waccan ba aikina ba ce," ɓarawon ya yi saurin cewa. "Ni ba na hawa bene."

Sajan ya ce, "Baƙo ɗaya ne ya shiga ɗakin a satin, wani mai gyaran fanka. Tuni muke cigiyarsa. Sun ce fankar da ya gyara har yau iska take zuƙewa."

  Kafin Barista ya haɗa kalma biyu Sajan ya riƙo shi ta gwiwar hannu ya zaunar da shi a benci, kafaɗa da kafaɗa da ɓarawo.

"Sannu da zuwa," in ji ɓarawon.

A nan ne magatakarda, wanda tun ɗazu yake leƙen Barista ta saman littafi, ya ajiye alƙalami.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Kwat ɗin nan da ke jikinsa tawa ce."

"Kai ma?" in ji Mai Shari'a.

"Zan faɗi alamu. Aljihun ciki na hagu tawada ta zube. Maɓallin hannun dama ba irin sauran ba ne. A bayan wuya akwai lambar mai wanki, don Litinin na aika da ita."

Sajan ya duba, duk uku suka fito. Mai Wanki ya sulale ƙasa a kujerarsa har kansa ya ɓace. Aka tuɓe wa Barista kwat. Ashe rigar da ke ciki gabanta kawai ya goge, bayanta kuwa a yage yake tun daga wuya har ƙugu, an kama da fil uku. Wata mata a layin gaba ta yi dariya har ta ƙware, sai da aka fita da ita.

"Ranki ya daɗe!" Barista ya ɗaga hannu biyu. "Ban saci komai ba! Gani kawai na yi, ya burge ni. Duk abin da na faɗa ɗazu ƙarya ce!"

"Ɗazu ka rantse gaskiya ce. Wanne zan ɗauka?"

"Na yanzu!"

"Kana da shaidar cewa kai maƙaryaci ne?"

Tirƙashi! Mutumin da ya shekara ashirin yana gina suna a bakin benci, yau ga shi yana waige-waige yana neman wanda zai rushe masa shi. Bai ma sha wahalar nema ba. Mai Aski ya riga ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni shaida ne. Ya ce mana ya taɓa gyara farfelar jirgin sama jirgin yana tafiya."

"Haka aka yi?" ta tambayi Barista.

"Ƙarya ce, ranki ya daɗe."

Kan Mai Wanki ya ɓullo daga bayan kujera. "Ya ce alƙalai uku sun yi kuka ranar da ya bar aiki."

"Ɗaya ne," in ji magatakarda, "kuma saboda fayilolinsa ne."

"Ya ce ya taɓa kama 'yan fashi huɗu da hannu ɗaya," in ji Gwaggo. "Ranar da ɓera ya shiga rumfarsa kuwa, ni na sauko da shi daga kan tebur."

"Gaskiya ne! Ƙara, Gwaggo, don Allah ƙara!" in ji Barista.

"Ya ce yana jin harshe bakwai."

"Ko ɗayan ma da kyar!" Barista ya faɗa.

Aka yi ta zubawa. Har wani mutum da ba ɗan layinsu ba ya tashi ya ce ya taɓa zama kusa da shi a mota, kuma yana da abin faɗa. Magatakarda ya cika shafi biyu, ya yarfe hannu, ya shiga na uku. Mai Shari'a ta cire tabarau tana goge ido, wai ƙura ce ta shiga.

"Ya isa," ta ce. "Kotu ta gamsu. Mutumin nan ba zai iya sace keke daga bene ba tare da ya ba duk gari labari ba. Amma ya yi wa kotu ƙarya bayan rantsuwa, don haka ba zai fita daga nan ba sai wani ya sa hannu ya tsaya masa. Keken kuma, tun da mai ƙara ya kasa kwatanta shi, a sa shi cikin kayan gwanjo."

Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata. Barista ya dubi keken. Sai yanzu abin ya dawo masa: ba kwat ba, ba suna ba, keken.

"Ranki ya daɗe."

Maman Tagwaye ce ta taso daga baya, tana tafe a nutse, idonta jawur.

"Ke kuma wace ce?"

"Ni ce mai keken. Shi mijina ne, baki kawai ya sa a ciki."

"Ai an riga an buɗe shi, kowa ya gani. Cokalin nan ko ni zan iya faɗa."

"To, zan faɗi abin da ba a gani. A zaro durowar gaba ɗaya, a can ƙurya akwai haƙorin yaro a naɗe cikin ƙyalle. A ƙarƙashin teburin an rubuta ranar da na haifi tagwaye da jan alli. Na ukun kuma, a sa duk wanda ya iya ya taka shi."

Sajan ya zaro durowa, ga haƙori. Ya durƙusa ya leƙa, ga jan alli. Ya ce shi ma ya taɓa koyon ɗinki, ya zauna ya taka. Keken ya yi ƙiƙ, ya cije. Ya ƙara ƙarfi, kujera ta yi baya da shi, saura kaɗan ya sha ƙasa.

Maman Tagwaye ta zauna. Ta shafa kan keken da gefen mayafi, ta juya ƙafar hannu baya sau biyu, ta buga masa gwiwa a gefen hagu, sannan ta taka. Sai ga shi ya kama, car-car-car-car, ya cika ɗakin.

"Ashe haka ake yi masa!" ɓarawon ya dafe kai da hannuwansa masu ankwa. "Mutum uku na sayar wa, duk suka dawo mini da shi!"

Kowa ya yi dariya ban da Barista. Wata uku rabonsa da jin wannan ƙara. Da ita yake tashi, da ita yake cin abinci, kuma bai taɓa lura ba sai da ta ɗauke. Ya dubi yatsun matarsa da suka yi kanta, kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko lokacin da aka tuɓe masa kwat. Ya sunkuyar da kai.

"A ba ta kayanta," in ji Mai Shari'a.

Mai Aski da Mai Wanki suka zube a gabanta suna roƙon a sake jin nasu. Ta dubi agogo, ta ce kowa minti ɗaya, kuma duk wanda ya kalli Barista ya rasa. Wohoho! Ba ka taɓa jin mutane suna kushe kayansu da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Mai Aski ya ce injinsa sai an zage shi yake tashi, tankin yana yoyo, hayaƙinsa ya kashe masa kyankyasai kaf. Mai Wanki ya ce dutsensa ya ƙone riga ta fi talatin, har yana shirin lissafa masu rigunan, magatakarda ya ce ya isa haka. Suka sa hannu, kowa ya rungumi nasa.

Mai Shari'a ta tashi ta shige ciki. Magatakarda ya jawo takardu biyu ya ajiye a gaban Maman Tagwaye, ya nuna agogo da alƙalami.

"Maman yara, saura minti huɗu, takarda ɗaya zan iya cikewa kafin a kulle hatimi. Wannan ta sakin keke ce, wannan ta tsaya wa maigida. Wacce?"

Barista ya duba ko maƙwabtansa za su taimaka. Mai Aski yana duba igiyar injinsa kamar yau ya fara ganinta. Mai Wanki yana hura toka. Gwaggo ta kara rediyo a kunne.

"Maman Tagwaye," ya kashe murya. "Uwar 'ya'yana. Shekara goma sha tara fa."

Ta dube shi. Ta dubi keken. Ta sake dubansa, ta daɗe, har ya fara murmushi.

"Wanda bai fita yau ba, me zai same shi?" ta tambayi magatakarda.

"Keke, gwanjo. Maigida kuma ya kwana a nan, da safe ki dawo."

"Shi ba za a yi gwanjonsa ba?"

"A'a."

"Ko da an yi ma, ba mai tayawa. Cika ta keken."

Ƙau! Hatimi ya sauka. Mai Aski da Mai Wanki suka kama mata keken, ɗaya gaba ɗaya baya, Gwaggo na biye tana ba da umarni. A bakin ƙofa Maman Tagwaye ta waiwayo.

"Zan aiko maka da abinci da bargo. Ka cire rigar nan ka ba ɗan aiken, in ɗinke maka ita kafin safe."

Suka fita. Ɗaki ya yi tsit, daga Sajan mai naɗe tamfol sai mutum biyu a kan benci. Barista ya daɗe yana kallon ƙofa. Can ya ja dogon numfashi, ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya dubi ɓarawon ta gefen ido.

"Kai ma shari'ar nan taka, wa ya tsaya maka? Da ni ka samu tun farko..."

Ɓarawon ya miƙe tsaye.

"Sajan! Don girman Allah a mayar da ni kurkuku."